Darasi na Tara: A Ɗanɗana Miya Kafin a Sauke

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tuwo-tuwo a kasuwar Samaru da hantsi ya ga wannan abu. Miya tana ɓararraka, sai ta sa ludayi ta ɗebo kaɗan, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta yi shiru. Wata rana ta ƙara gishiri, wata rana daddawa, wata rana kuma ta kira 'yarta ta ce, "Zo ki ji mini, yaji ya kashe mini harshe." Ta shekara ashirin tana wannan sana'a, amma ba ta taɓa sauke tukunya ba ta ɗanɗana ba. Ta san in miya ta shiga kwanon mai saye, gyara ya wuce. Tela ma haka yake yi da ɗinkin da yake ji da shi: ya harhaɗa, ya kira mai riga ya sa a jikinsa, ya duba kafaɗa da wuya, sannan ya kashe ɗinki.

To, me ya sa in saƙo za mu isar ga jama'a ba ma yin haka? Da yawa daga cikinku kuna da saƙon da kuke son ya shiga kunnen mutane. Wata tana haɗa sabulu da man shafawa, tana son takardar da za ta manna a jikin roba. Wani sakataren ƙungiyar manoma ne, sanarwa ba ta ƙare masa. Akwai mai shago da zai sa a rubuta masa allo, akwai mai tsara waƙar faɗakarwa, akwai mai tura tallar kayanta ta saƙon murya a WhatsApp. Abin da muka saba shi ne mu shiga ɗaki mu yi ta gyara, mu goge, mu sake, ba mai gani sai ranar da aka buga aka raba. A ranar ne za mu ji ko akwai gishiri, bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Wannan darasi a kan abu guda yake: fitar da saƙo tun yana ɗanye, a nuna wa mutane kaɗan irin waɗanda aka yi shi dominsu, a ga abin da suka fahimta, a gyara, kafin a kai shi gaban kowa.

Fostar buhun wake

Bari in fara da abin da ya faru a hannuna. Wata ƙungiyar manoma ta roƙe ni in taya ta tsara fosta a kan buhun ajiyar wake da ake kira PICS. Wasunku sun san shi. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare wa ƙwaro, ya mutu, ba tare da an zuba wa abinci fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ba. Saƙo ne mai ceton rai, don kowa ya ji labarin gidajen da wake mai magani ya kwantar.

Na sami mai zane gwani. Ya zana ledoji biyu da buhu a jere, kowanne da lambarsa, ɗaya, biyu, uku. A gefe ya zana kwalbar maganin ƙwari, ya gicciya mata jan layi biyu, alamar kada a yi amfani da ita. Mun duba a ofis, mu huɗu, dukanmu 'yan boko, muka ce ya yi. Aka kai wa mai ɗab'i a Sabon Gari, aka bugo, aka biya.

Bayan mako biyu na tarar da guda a manne a jikin rumfar wani dattijo mai awon hatsi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wannan takardar me take cewa?" Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce, "Ai cewa suka yi a raba waken kashi uku, kowane buhu a zuba masa nasa." Na nuna kwalbar na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Shi ne maganin da za a zuba. Ba ka ga jar alamar asibiti a jiki ba?"

Jikina ya yi sanyi. Dattijon bai yi kuskure ba, ya karanta abin da idonsa ya saba gani. Jan gicciye a wurinsa alamar kemis ce da motar asibiti, wato abin da aka amince da shi. Buhu uku a jere kuwa buhu uku ne. Mu ne muka ɗauka duk duniya ta san jan layi a kan abu hani ne, alhali a aji muka koya. Fostar da muka yi don hana zuba guba a abinci, ga ta tana iya sa a zuba. Sai da muka bi muka ciccire. Da mun ɗauki zanen fensir ɗin nan mun kai wa wannan dattijo tun farko, da minti biyar sun ishe shi ya nuna mana ramin da muka faɗa.

Audugar Samaru

Kada ku ɗauka ƙananan mutane kaɗai ke yin irin wannan tuntuɓe. A nan Samaru aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga masu suna da ya fara da SAM suke fitowa, irin su SAMMAZ da SAMNUT da SAMPEA. A maƙwabtanta akwai NAERLS, wadda tushenta ya faro a 1963, aikinta shi ne ɗaukar sakamakon bincike ta mai da shi ƙasidu da fostoci da shirye-shiryen rediyo don malaman gona da manoma. Ilimin noma a Arewa, Samaru ce rumbunsa.

Duk da haka an daɗe ana ba manomin auduga wata shawara yana jin ta yana wucewa. Shawarar ita ce ya shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, ya sa taki, ya riƙa feshi a kai a kai. A gonar gwaji wannan hanya tana ba da amfani mai yawa, ba ƙarya a ciki. Manoma kuwa sai Yuli ta yi nisa suke shuka tasu, wasu ma a tsakanin hatsi. Abin da ya fi sauƙi a faɗa a lokacin shi ne, manomi ba ya son ci gaba.

Wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, wanda ya yi aiki a Samaru daga 1965 zuwa 1976, shi da abokan aikinsa suka bi wata hanya. Suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ma'aikatansu suna bin magidanta gida-gida cikin 1966 da 1967, suna rubuta wane aiki aka yi, a wace gona, mutum nawa, awa nawa. Daga baya aka bi manoman auduga da irin wannan ido. Abin da ya fito fili shi ne abin da kowane manomi a ajin nan ya sani tun yana yaro: Yuni da Yuli lokacin noman fari da maimai ne, lokacin da hannu ya fi ƙaranci, kuma rumbu ya kusa ƙarewa. Magidanci ba zai bar gero da dawa ciyawa ta cinye ya tafi hidimar auduga ba, tunda ba a tuƙa tuwo da ita. Feshin ma, irin na wancan zamani, ruwa mai yawa yake ci, sai an yi ta jido zuwa gona. Binciken ya kuma nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake ɗauka rashin wayewa ne, yana ba manomi riba mai kyau a kan wahalarsa, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi hannu rabbana.

Ku lura da bambancin wannan da labarin fostata. Ni zanena ne bai fita ba. A nan kuwa manoma sun fahimci saƙon sarai, abin da ake nema su yi ne bai dace da rayuwarsu ba. Ko da mawaƙin da ya fi kowa murya aka ɗauko ya rera shi a rediyo, ba za a shuka audugar nan a Yuni ba. Wannan shi ne abu mafi ɗaci da gwaji ke iya gaya wa mutum, kuma mafi amfani: wani lokaci kalmomi lafiyarsu lau, shawarar ce ke buƙatar komawa maƙera. Irin wannan aiki na Samaru yana cikin abubuwan da suka sa masu bincike a ƙasashe da dama suka koma gwada sabon iri da sabuwar dabara a gonar manomi, da hannunsa, kafin a ce kowa ya ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasan da ba a gama ba

A cikin jami'ar nan dai, ɓangaren wasan kwaikwayo ya bi ta wannan hanya da ƙafarsa. Michael Etherton ya fara koyar da fannin a 1975, tare da su Brian Crow, daga baya su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙe aikin. Akwai abin da suke kira aikin Samaru: ɗalibai su shiga unguwanni su zauna da mutane, su ji damuwarsu, ta ruwa ce ko ta tsafta ko ta haya, su koma su shirya ɗan wasa, su dawo su nuna a fili. A 1977 suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ke ta yayata shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. Bayan nan aka yi na Maska a 1979, aka yi na Bomo, nan bayan Samaru.

Da farko kammalallen wasa ake kai wa ƙauye. A yi, a tafa, a ɗan tattauna, ɗalibai su hau mota su koma. Malaman da kansu suka ga wannan bai isa ba, don baƙo ne ya zo ya faɗa wa ɗan gari matsalarsa, har da maganinta. Sannu a hankali suka koma kai wasan da ƙarshensa a buɗe yake. A kai wani wuri a tsaya, a tambayi masu kallo ko haka abin yake faruwa, kuma daga nan sai me. Manomi ya gyara, wani lokaci ma ya shigo fili ya karɓi rawar ya nuna yadda ake yi, a sake wasan a kan abin da ya faɗa.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne halin ɗan Adam da wannan ya tono. In ka kawo wa mutum abu an goge shi yana ƙyalli, bakinsa zai mutu. Ya ga an kashe kuɗi, an sha wahala, ina amfanin magana? In kuwa ya ga zanen fensir a takardar da aka yago daga littafi, ga gogewa nan, ga gyara can, zai ji akwai wurin da zai sa hannu. Saboda haka rashin kammaluwar aikinku ba abin kunya ba ne a wurin gwaji, shi ne ma ke buɗe bakin mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

"Ya yi kyau" ba amsa ba ce

Yanzu ga inda aikin yake da wuya a ƙasarmu. Mu mutane ne masu kara. Ka ɗauki abin da ka yi da hannunka ka miƙa wa maƙwabcinka ka ce, "Malam, ya ka gani?" Me kake jira ya ce? Zai ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Ba munafunci ya yi ba, tarbiyya ce. Ba a kushe wa mutum abinsa a gaban idonsa, balle in ya girme ka ko ana ce masa malam. Wanda ya tara "ya yi kyau" guda ashirin ya koma gida yana murna, bai gwada komai ba, gaisuwa kawai ya yi.

Maganin abin shi ne a daina tambayar kyau. A tambayi abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Ki miƙa wa mace takardar sabulunki, kada ki ce komai, ki bar ta ta duba. Sannan ki ce, "Yaya, me kika gani a nan?" In ta faɗa, ki ce, "Da za ki ba maƙwabciyarki labarinsa, me za ki ce mata?" Daga nan ki ji ko ta san nawa ne, ko ta san inda za ta same shi, ko ta ɗauka na wanki ne alhali na wanka ne. Wata tambaya mai tono abu ita ce, "Da wa kike jin ake magana a nan?" Sau da yawa za ki ji an ce, "Ai wannan na matan ma'aikata ne," saboda irin ɗaurin ɗankwalin da ke hoton, ko kujerar da aka zauna a kai. In mace ta ga ba da ita ake ba, ko ta fahimta ba za ta saya ba.

Sai kuma abin da ya fi komai wuya ga mai aikin: kame baki. Za ka ga mutum yana fassara zanenka a juye, zuciyarka tana cewa ka gyara masa. Kada ka gyara. Ranar da fostar ke manne a bakin titi ba ka nan balle ka yi bayani. Rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ka yi masa godiya. In ka san ba za ka iya daurewa ba, ko kuwa mutane suna jin nauyinka, ka aiki wani wanda ba shi ya yi aikin ba. Ba sai an yi ƙarya an ce aikin wani ne ba. A faɗi gaskiya: ba a gama ba, kuskure muke nema, wanda ya nuna mana shi ya taimake mu.

In saƙon na koyar da wani aiki ne, to baki bai isa shaida ba, sai hannu. Ba shi ledojin da igiya ka ce, "Nuna mini yadda za ka ɗaure." A ƙasar Bangaladash wata ƙungiya mai suna BRAC ta yi wannan a kan ruwan gishiri da sukari na ceton yara masu gudawa. Daga 1980 zuwa 1990 ma'aikatanta mata suka bi gidaje wajen miliyan 12 suna koya wa uwaye haɗin: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku suka tsinto, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, ruwa kamar rabin lita. Amma kafin su bazu sai da suka fara da ƙaramin yanki a 1979. Kuma ba su tsaya ga "kin gane?" ba. Bayan 'yan makonni wani ma'aikaci daban zai zo ya ce uwar ta haɗa a gabansa, ya ɗebi ruwan a kai ɗakin awo a ga ko gishirin ya yi daidai, har albashin mai koyarwar ya danganta da yadda uwayen suka iya. Ta wannan bibiya suka gano mata sun iya haɗawa amma ba su cika bayarwa ba. Dalili ɗaya, mutanen suna da sunaye daban-daban na gudawa, suna ɗauka maganin na iri ɗaya ne kawai. Wani dalilin, ba a yi magana da mazan gida ba. Suka gyara saƙon, suka shiga kasuwanni da masallatai wajen maza.

Mu ma a Nijeriya an yaɗa irin wannan haɗi a tsakiyar shekarun 1980, ma'aunin ruwansa kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Ruwan ɗaya ne, amma ku da kanku kun san wace kwalba za a zana in fostar za ta shiga gidan malam a unguwar Hayin Dogo. Irin abin da mutum ɗaya zai gaya maka cikin daƙiƙa ke nan, in ka tambaya. (A yau dai abin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa shi ne ƙullin ORS da ƙwayar zinc, can za ku nema.)

Su wa za a tambaya, kuma a ina

Ba matarka ba, ba abokan zamanka ba, ba 'yan ajin nan ba, sai fa in su ne masu saye. A nemi irin mutanen da saƙon zai tarar. A nan kuwa Allah ya hutar da mu tafiya mai nisa. Sabon Gari ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajajen 1912, har yau kuma kasuwarta ta tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna da na Filato, wani Hausarsa ta gado ce, wani ta ciniki, wani sai buroka. Samaru kuma ga ɗalibi ga malamin jami'a ga manomin Bomo da na Basawa a layi ɗaya wajen mai shayi. Karin maganar da za ta sa Bazazzagi murmushi tana iya wuce mai shagon kayan gyaran mota bai ji komai ba. Akwai dattawa da almajirai da boko bai zauna musu ba amma suna karanta ajami kamar ruwa. Akwai matan da ba sa fitowa kasuwa, waɗanda sai mace ce za ta shiga ta same su, da sallama da izinin maigida. In ba a shiga ba, an bar rabin gari a baya.

Mutum takwas zuwa goma sun isa zagaye ɗaya. Ba ƙidaya ake yi ba, rami ake nema, kuma in mutum uku cikin takwas suka faɗa rami ɗaya ba sai na tara ya faɗa ba. A same su ɗaya bayan ɗaya. A majalisa, da babba ya ce ya yi, magana ta ƙare, sauran sai gyaɗa kai.

A kuma gwada abu a yanayin da zai rayu. Allon shago ba a hannu ake karanta shi ba, daga tsallaken titi ne, mutum yana kan acaɓa. To a rubuta da alli ko gawayi a jikin kwali, a jingina, a koma nesa, a nuna wa mutum gwargwadon ƙirga biyar, a kife, a ce me ya gani. Tallar rediyo ko saƙon murya a kunna sau ɗaya tak, cikin hayaniya, don rediyo ba ya maimaita wa kowa. Washegari a kira mutum a ji me ya rage a kansa. In lambar waya ce a ciki, ya riƙe? In kuna da salo biyu kuna shakka, ku ba wasu wannan, wasu wancan, ku ga wanne ya fi kawo kira. Sannan ku sa wani ya karanta rubutun da ƙarfi bayan mai kwamfuta ya buga, don ba kowace na'ura ke da haruffa masu lanƙwasa ba. "Baƙi" da "baki" ba ɗaya ba ne, kuma sanarwar da ta ce ana maraba da baki ta riga ta zama abin dariya kafin a karanta sauran.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: in na nuna, za a sace mini basira. Ban ce ba a yi ba. Amma mutum takwas a rumfar hatsi ba su ne za su riga ka kasuwa ba, kuma asarar da na fi gani da idona ita ce ta wanda ya ɓoye abinsa har ya buga dubu, ya tarar ba mai fahimta. Wasu kuma sukan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gaskiya ne a dandali ranar biki. Amma wace mai rawa ce ba ta fara a tsakar gida ba, gaban ƙannenta?

Gwajin ma yana da iyaka, kada a ɗora masa abin da ba zai ɗauka ba. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya canja ɗanɗanon lemonsa a Amurka bayan ya ba mutane kusan 200,000 sun kurɓa, mafi yawa suka zaɓi sabon. Da aka janye tsohon daga kasuwa sai jama'a suka yi ca, cikin kwana 79 kamfanin ya dawo da shi. An tambayi harshe wanne ya fi zaƙi, ba a auna yadda zuciya za ta ji in aka raba ta da abin da ta saba ba. Amsa takan bi tambayar da aka yi. Haka kuma ba duk shawara ake ɗauka ba. Wani zai ce a sa kore, wani ya ce shuɗi, wannan son rai ne, naka ne ka yanke. Abin da ba a jayayya da shi shi ne rashin fahimta. In mutum ya ce kwalbar nan ita ce maganin da za a zuba, ba ra'ayi ya faɗa ba, ya nuna maka abin da fostarka ke cewa.

Wani gargaɗi da ba na so ku manta: duk saƙon da ya shafi magani, ko awon taki, ko maganin feshi, sai ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya tabbatar da ingancinsa kafin ya fita ko da gwaji ne. Jama'a za su gaya maka ko sun fahimta, ba su ne za su gaya maka ko awon daidai ne ba. In an gama da mutum, a yi masa bayanin ainihin saƙon, a karɓe takardar gwajin, kada a bar shi da fahimtar da ta karkace.

Fostar wake dai mun sake ta. Muka zana hannu yana zura leda cikin leda, muka zana ɗauri uku a bakin buhu guda. Kwalbar maganin muka cire ta gaba ɗaya, muka sa hoton mace tana tsince wake mai tsabta a faifai, da 'yan kalmomi a boko da ajami. Sau biyu muka kai zanen fensir kasuwa kafin ya koma wurin mai ɗab'i, kuma a zagaye na farko ma sai da wani ya ce ɗaurin ya yi kama da na goro, muka gyara.

Aikin wannan mako

Kowa ya zaɓi saƙo guda na gaske daga sana'arsa ko ƙungiyarsa ko unguwarsa. A yi shi cikin zama ɗaya, da fensir ko da muryar waya, kada a kashe ko kwabo. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya yi zane ko ya ɗauki murya, duk ɗaya ne. A kai wa mutum takwas da ba dangi ba, huɗu a Samaru, huɗu a Sabon Gari in da hali, maza da mata. A rubuta ko a ɗauki abin da kowa ya faɗa yadda ya faɗe shi, a gyara, a sake kai wa wasu huɗu sababbi.

Ranar da za mu haɗu ku zo da duka biyun, na farko da wanda aka gyara. Don Allah kada kowa ya yaga na farkon saboda kunya, da shi za mu fara darasi na goma.